Gidan Da Baba Ya Bar Wa Darinka

Masu turo mini saƙo suna cewa na cika taurin kai, na karanta duka, har da wadda ta ce karatu ne ya lalata ni. Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Baffana ya riga ki faɗa, kuma ya fi ki iya faɗa. Ku bari in ba ku abin da ya faru daga Asabar zuwa Talata, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni ce Zorana, a gida Zoka ake ce mini, autar marigayi Milutin mai itatuwan zaitun a gangaren dutse, sama da tsohon garin Bar. Mu uku ya bari. Yaya Darinka, da muke kira Dara, ita ce babba, shekararta arba'in da ɗaya, ba ta taɓa aure ba, domin tun ranar da ɓarin jikin Baba ya shanye ita ce hannunsa, ita ce ƙafarsa, har shekara tara. Sai Yaya Vuksan, yana zaune a cikin gari da matarsa da 'ya'yansa maza biyu. Sai ni, na karanta shari'a a Podgorica, ina aiki a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa. Mama ta rasu tun ina firamare.

Baba ya bar wasiyya shafi biyu, da karkataccen rubutun hagun da ya koya bayan damarsa ta daina motsi. Gida na Darinka. Filin bakin titi, wanda ya fi gidan daraja, na Vuksan. Itatuwan zaitun casa'in a raba mana mu uku. A ƙarshen shafi ya rubuta: Zorana ce wasiyyiyata, ta tsaya har sai an cika abin da na ce.

Kada ku ɗauka sarauta ya ba ni. Aikin wasiyyi shi ne ya tsare abin da mamaci ya bari kada ko cokali ya fita, ya jera komai a takarda, ya gaya wa kowane magaji haƙƙinsa, ya ga an yi yadda mamacin ya so. Ba zan ƙara wa wani ba, ba zan rage wa wani ba. Abin da na samu a ciki shi ne mabuɗin ɗakin Baba a jakata, da hararar dangi.

Asabar aka yi kwana arba'in. Da safe muka hau maƙabarta da limamin coci, da kwanon dafaffiyar alkama da Darinka ta yi wa ado da sukari, iska tana ta kashe mana kyandir. Da muka sauko aka haɗa tebura uku a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi: busasshen nama, cuku, kabejin da aka naɗe da shinkafa, fanke da zuma. Darinka cikin baƙar riga da baƙin ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa, ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ni ma baƙi na sa, amma kwat ɗin ofis ne, kaina a buɗe, kuma na ga goggonnina sun gani. Vuksan na zaune a kan tebur inda Baba ke zama, da gemun kwana arba'in da bai aske ba. Ya yi kama da Baba har sai da na kawar da kai.

Da aka ci aka ƙoshi, Baffa Blagota, wan Baba, ya miƙe da ƙaramin kofin barasarsa a hannu.

"Allah ya ji ƙan Milutin," ya ce. "Mutumin kirki ne, amma ciwo ya taɓa masa tunani a ƙarshe, kowa ya sani. Talata yaran nan za su je wurin notar. 'Yan mata za su faɗi abin da matan gidan nan suka saba faɗa, a rufe takarda, a dawo a ci gaba da zumunci."

Kun san maganar. Jimla ɗaya ce. Mace ta tsaya gaban notar, wato ma'aikacin shari'ar da kotu ke ɗora wa zaman gado, ta ce: na yafe rabona ga ɗan'uwana. Kakarmu ta faɗa. Goggonnina uku da ke zaune a wurin sun faɗa, har suna alfahari da shi. A madadin haka ƙofar ɗan'uwa a buɗe take gare ki duk ranar slava, bikin waliyyin gida, a ba ki kujera, a kira ki 'yar halak.

"Baffa," na ce, "tunanin Baba lafiya lau yake. Likitansa ya rubuta haka a makon da ya yi wasiyyar."

"Ga lauya ta tashi. Wa ya tambaye ki, 'yar boko?"

"Baba ne ya tambaye ni. A rubuce."

Wata goggo ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ita ta riƙe masa hannun ai da yake rubutun."

Ban kula ta ba. Baffa ya ajiye kofi. "To tunda ke ce mai mabuɗi, miƙo mini bindigar farautar ƙanena. Ni da shi muka saye ta tun ba a haifi uwarki ba."

"An haifi uwata kafin nan, Baffa, ita da bindigar ba sa'o'in juna ba ne. Tana cikin jerin kayan gado. In an gama zama, magada suka yarda, ni da kaina zan kawo maka har gida."

Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Sai a lokacin Vuksan ya ɗago.

"Zoka, wa ya ce zan kori Dara? Ta zauna a nan har ƙarshen ranta. Na ba da kalmata gaban kowa. Amma gida na mai sunan gida ne. A nan ake kunna kyandirin slava, a nan 'ya'yana za su kunna bayana. Kina so in zo bikin gidan ubana a matsayin baƙo?"

Na so in yi shiru, na rantse. Amma na ce, "Yaya, kalmarka na yarda da ita. Igiyar awon matarka ce ban yarda da ita ba. Kwana bakwai da binne Baba na same ta tana auna ɗakin Dara, tana cewa gado biyu za su shiga in 'yan yawon shan iska sun zo da bazara."

Matar Vuksan ta sunkuya tana gyara wa ɗanta wuyan riga. Darinka ta ɗauki tiren kofuna ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo har ƙarshe.

Kafin in gama kwashe tebura wayata ta yi ƙara. Rastko ne, wanda aka sa mana rana da shi bayan an gama zaman makoki.

"Ranki ya daɗe alƙaliya. An ce kin ɗaure Blagota shekara goma."

"Wa ya gaya maka tun yanzu?"

"Mutum huɗu. Ɗaya ma da buhun zaitun a kafaɗa. Ki zo gobe, akwai magana."

Gidan su Rastko ke da injin matsar man zaitun na ƙauyukan nan. Yanzu lokacin tsinka ne, don haka na same shi ranar Lahadi da rana cikin buhuna, kowane buhu da sunan mai shi, rigarsa ta jiƙe da mai har gwiwar hannu. Ya tsoma gutsuren burodi cikin sabon mai mai ɗaci da yaji ya miƙo mini a baki. Shekara biyu muna tare, bai taɓa barina in shiga wurin nan in fita ban ɗanɗana ba.

"Na wa ne wannan?" na ce.

"Na Blagota. Ci, ki rama."

Muka yi dariya, sannan ya goge hannunsa ya daɗe yana gogewa.

"Mama ta yi magana."

"Na san za ta yi."

"Ta ce ba za ta shigo da surukar da ta ci gadon ɗan'uwanta ba. Ta ce gobe 'yan'uwana mata ma sai su koya, su zo su ce a raba injin nan."

"In haƙƙinsu ne fa?"

"Zoka, don Allah. Ba a kotu muke ba." Ya nuna buhunan da haɓa. "Kin ga waɗannan? Duk mazan da suka kawo su, 'yan'uwansu mata sun yafe musu. Akwai wani injin a Ulcinj, ba nisa, in suka ji haushi can za su kai. Amma saurara, na shawo kanta. Ta ce aikin da ubanki ya ɗora miki ki yi abinki, babu ruwanta. Abin da Darinka za ta yi ma babu ruwanta. Ke dai ki yafe naki. Itace talatin ne kawai. Ni ina da ɗari biyu, duk naki ne."

"Nawa ne a baki, ko a takarda?"

Ya kalle ni kamar na mare shi. Na yi da-na-sanin faɗa, amma ban janye ba. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, tayin uwarsa ya yi mini daɗi. Me zan yi da itace talatin? Ban iya sassabe ba, hannuna bai san tsani ba. In faɗi jimla ɗaya, in tsira da Rastko, in ci gaba da tsaya wa Darinka a matsayin wasiyyiya. Na koma gida ina jin kamar an sauke mini dutse.

Da yamma na kira Vuksan, domin shi ma magaji ne, kuma aikina bai ce in zaɓi wanda nake jin daɗinsa ba. Na gaya masa in yana shakkar rubutun Baba yana da ikon ƙalubalantar wasiyyar a kotu, kuma akwai kason da doka ta tsare wa kowane ɗa wanda wasiyya ba ta isa ta taɓa ba, sai dai filin da aka ba shi ya wuce wannan kason. Ya ce, "Na san rubutun Baba, Zoka. Ni na saya masa littafin da ya koyi hagun a ciki." Ya kashe wayar.

Litinin ban je aiki ba. Ni da Darinka muka hau gangare da sassafe muka shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa, domin zaitun ba ya jiran a gama rabon gado, kuma in ya ruɓe a ƙasa ni za a tambaya. Ta ɗaura tsohuwar suwaitar Baba a kan baƙar rigarta. Hannuwanta sun fi na mai shekara sittin tsufa. Tana tsinka tana zubawa a kwando ba ta kallona.

"Yaya, gobe notar za ta tambaye ki. Ina so ki san abin da za ki sa wa hannu."

"Na sani."

"In kin yafe, kin yafe ke nan. Ba a dawowa. Ko bayan wata guda aka ce ki koma ɗakin ajiyar itace, babu takardar da za ki nuna."

"Vuksan ba zai yi haka ba."

"Wataƙila. Amma Vuksan ba zai dawwama ba. 'Ya'yansa fa? Matan da za su aura fa? Shekararki arba'in da ɗaya, ba ki da albashi, ba ki da fansho, shekarun da za ki tara su kin zuba su a ɗakin Baba."

"Ban yi don a biya ni ba."

"Shi ya sani. Shi ya sa ya rubuta."

Ta ajiye kwando. "Ke kin yi karatu, Zoka. In garin nan ya ishe ki, ki hau bas. Ni a nan zan zauna. Ni zan haɗu da su a coci, a shagon burodi, a wurin makoki. Za a ce ga wadda ta fitar da ɗan'uwanta daga gidan ubansa. Yaran Vuksan ba za su ƙara hawowa cin fanke ba. Gida da ba mai shigowa, me zan yi da shi?"

A nan ilimina ya ƙare. Na karanta littattafai shekara huɗu, kuma duk sun ce abu ɗaya: wasiyyi yana iya tsare gado, ba ya iya tilasta wa magaji ya karɓa. Bakinta nata ne. Don in sauya maganar sai na ba ta labarin tayin uwar Rastko. Fuskarta ta haskaka, karo na farko tun rasuwar.

"Mun gode Allah, to ai shi ke nan. Ki yafe ki yi aurenki. Ni ma in yafe. Kowa ya huta."

"Ba haka aka ce ba. Ni zan yafe, ke ki karɓa."

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni kaɗai? Auta mai digiri ta yafe, ni tsohuwar budurwa in miƙa hannu? Tun da aka kafa zuriyar nan mace ɗaya ba ta yi ba, sai ni?"

Na tsaya riƙe da bakin raga. Sai a lokacin na ga abin da uwar Rastko ta gani tun farko, ni mai karatun ban gani ba. Ba itace talatin take so ba. Ta san in na yafe, Darinka ba za ta iya buɗe baki ba.

"In ni na karɓa fa?" na ce.

Ta sunkuya ta tsince ganye daga cikin kwando ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ki yi," ta ce. "Rastko yaron kirki ne."

Talata na sa baƙar rigar da na yi jarrabawar ƙarshe da ita, na ɗaure gashina, na sa takardu a jaka: wasiyyar da aka riga aka karanta, jerin kaya shafi shida, takardar likita. Muna cikin bas saƙon Rastko ya shigo.

"Na san za ki yi abin da ya dace. Na sayi kifi, ki biyo bayan an gama."

Na kife wayar a cinyata har muka sauka.

Ofishin notar yana hawa na biyu a saman wani kantin magani. Baffa Blagota ya riga mu zuwa, da hularsa da sandarsa, amma sakatariya ta ce magada kawai, ya zauna a benci yana gunaguni cewa tun ba a gina benen nan ba yake raba gado. Vuksan ya aske gemu, fuskarsa ta yi fari inda gashin ya fita. Ya gaishe da Darinka, ni ya ɗaga mini kai.

Notar ɗin mace ce mai furfura da tabarau a sarƙa. Ta karanta sunayenmu, ta karɓi jerin kayan ta duba shafi-shafi, ta tambayi ko akwai mai ƙalubalantar wasiyya. Vuksan ya ce babu. Sannan ta cire tabarau.

"Zan tambayi kowa shi kaɗai, ya karɓa ko ya yafe. Ku ji da kyau, wanda ya yafe ba ya janyewa. Na faɗi wannan ga mata da yawa a kujerun nan. Wasu sun dawo bayan shekaru suna kuka, ban da abin da zan yi musu. Darinka, ke ce babba."

Na ga leɓen yayata yana motsi, tana shirya jimlar da ta ji tun tana yarinya.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ko za a fara da ni?"

Ta dube ni ta saman hanci. "Wasiyyiya na da abin ƙarawa?"

"Wasiyyiya ta gama aikinta na yau, ta miƙa takardu. 'Yar Milutin ce ke son amsawa."

"Ina jin ki."

Ku da kuke cewa ban da zuciya, da kun ji yadda take bugawa. Na ga Rastko da rigarsa mai maiƙo, na ga gutsuren burodin. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam ina alfahari da shi.

"Na karɓi rabona yadda ubana ya rubuta."

Vuksan ya rufe ido. Sakatariya ta buga a na'ura, ƙarar maɓallan kaɗai ake ji. Darinka ta juyo ta kalle ni, idonta ya cika, ban san ko godiya ba ce ko fushi.

"Darinka," in ji notar.

Yayata ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ina da tambaya, ranki ya daɗe. In na karɓa, ɗan'uwana zai iya kunna kyandirin slava a gidan? Shi da 'ya'yansa?"

"Gidanki ne. Wanda kika buɗe wa ƙofa shi zai shiga."

Ta juya wajen Vuksan. "Ka ji, Vule. Kujerar Baba taka ce, ba mai zama a kanta. Hoton waliyyi yana inda yake. Ɗakina kawai nake so ya zama nawa." Sannan ta ce wa notar, da muryar da sai an kasa kunne, "Na karɓa."

Vuksan ya karɓi nasa da kalma ɗaya. Ya sa hannu, ya ajiye biro a hankali, ya fita bai kalli kowa ba. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na ji Baffa yana cewa, "To? Yaya?" Ban ji an amsa masa ba, sai ƙarar sandarsa tana sauka matakala. Da muka fito ba kowa a bencin.

A tashar bas Darinka ta zauna kamar wadda ta yini tana ɗaukar dutse. Ta kama hannuna ta riƙe da nata biyu.

"An gama?"

"Saura a rubuta sunanki a ofishin filaye. Wannan aikina ne."

"Zai zo slava kuwa?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ba ta saki hannuna ba, don haka da ɗayan na ciro wayar da ta yi ƙara. Saƙon Rastko ne. Ko rabin awa ba a yi ba, amma labari ya riga bas hawa gangare.

"Mama ta ji. Ta ce in karɓo zoben kakata kafin rana ta faɗi. Ina hanya."

Na karanta sau biyu. Darinka ta leƙo, ta gani, ta sa hannu a baki. Zoben, wanda ya sa mini ranar baiko, yana yatsan da take riƙe da shi, siririn zinare mai jan dutse, ya ɗan yi mini yawa tun ranar farko. Da na ga dama da na zare shi a nan, in naɗe a takarda, in ajiye masa a bakin ƙofa, in rage mana kunya mu duka.

Ban zare ba. Na rubuta masa: "Ina gida ƙarfe biyu. In kana so, ka cire shi da hannunka, kana kallon idona."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa. Bas ɗinmu ya iso, na taimaka wa yayata ta hau, muka zauna a kujerar gaba, har yanzu yana rubutu.